Man Kifin Kwalba Da Dabbobin Gida: Lissafin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Nguru Da Gashuwa Su Yi

Duk wanda ya shiga manyan shagunan sayar da magani a biranen ƙasar nan zai ga kwalabe jere a kan kanta ɗauke da sunan Omega-3 ko Omega 3-6-9. Da farko don mutane ake shigo da su, amma a yanzu akwai waɗanda aka manna wa hoton kare ko kyanwa ko doki, tare da alkawarin cewa za su sa gashin dabba ya yi sheƙi, gaɓoɓinta su yi ƙwari, ta kuma daɗe a duniya. Kamar kowace haja, wannan ma hanyarta ɗaya ce: daga tashar jiragen ruwa ta Legas zuwa Kano, daga Kano zuwa garuruwa irin su Nguru da Gashuwa, inda ake da dawakin sarauta, da karnukan gadi da na farauta, da kyanwowin da ke tsare rumbuna daga ɓarnar ɓera.

A ganina, akwai gaskiya a cikin abin da masu wannan haja ke faɗa, sai dai gaskiyar ba ta kai faɗin tallar ba. Mai dabba da mai shago duka suna iya yin asara idan ba su san abin da suke saye ba, kuma abin mamakin shi ne rabin abin da ake sayar mana da dala muna da shi jibge a kasuwannin arewacin Yobe.

Ya kamata a fara da bayanin abin da ke cikin kwalbar. A shekarar 1929 ne wasu masana biyu a Amurka, miji da mata, George da Mildred Burr, suka nuna cewa akwai wasu nau'o'in maiƙo waɗanda jiki ba ya iya ƙera su da kansa, dole sai an ci su a abinci. Daga baya aka kasa su gida biyu. Gida na farko shi ne omega-6, wanda ke taimaka wa fata da gashi, kuma ya cika man gyaɗa da man riɗi da man angurya da masara. Gida na biyu shi ne omega-3, shi kuma iri uku ne: akwai ALA da ake samu a ɗanyar ciyawa da wasu ƙwayoyin tsirrai, sai EPA da DHA waɗanda tushensu gansakukar teku ne, kifayen teku masu maiƙo kuma su ci su tara a jikinsu. Akwai kuma omega-9, wanda jikin dabba ke yi da kansa ba tare da taimakon kowa ba.

Daga wannan bayani kaɗai ɗan kasuwa zai gane inda aka yi masa wayo. Kusan kashi 40 cikin ɗari na man riɗi omega-6 ne, wani kashin mai kama da haka kuma omega-9. Man gyaɗa yana da omega-6 wajen kashi 30 cikin ɗari, omega-9 kuwa ya kusa rabinsa. Ke nan wanda ya sayi kwalbar Omega 3-6-9 a Nguru, garin da layin dogo ya iso a shekarar 1930 musamman don kwasar gyaɗa da fatu da dabbobi, ya biya kuɗin jirgi da kuɗin kwastan a kan abin da matan unguwarsa ke matsewa kullum suna sayarwa a kwalbar lemo. Dabbar da ke cin dusa da dawa da ƙuli-ƙuli da ragowar tuwo da miya, da wuya a ce ta rasa omega-6. Abin da ke ƙaranci a abincin dabbobinmu shi ne EPA da DHA, kuma su kaɗai ne suka cancanci a yi maganar kashe kuɗi a kansu.

To, su ɗin me suke yi? Amfaninsu mafi tabbata shi ne rage kumburi a cikin jiki. A shekarar 2010 mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga sakamakon gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi, inda aka ga waɗanda aka ba abinci mai yawan man kifi sun fi samun sauƙin tashi da tafiya. Kafin wannan, a ƙarshen shekarun 1990, binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya ya nuna cewa man kifi na rage saurin lalacewar ƙoda a karnukan da ƙodarsu ta riga ta taɓu. Haka kuma likitoci na amfani da shi wajen sassauta ƙaiƙayin fata. Abin lura a nan shi ne duk waɗannan dabbobi ne masu wata larura ta musamman. Babu wanda ya tabbatar da cewa kare mai ƙoshin lafiya, mai cin abinci mai kyau, zai ƙara shekaru don an ba shi kafso kowace safiya.

Wani abin kuma shi ne dabba da dabba ba ɗaya ba ne, ko da yake mai talla zai so a ɗauka haka. Jikin kare yana iya juya ALA zuwa EPA, amma kaɗan ƙwarai. Jikin kyanwa kuwa kusan ba ya iyawa sam. Saboda haka kwalbar da aka rubuta wa omega-3 alhali daga tsirrai aka matso man, ba za ta yi wa waɗannan biyun aikin da man kifi zai yi ba. Kyanwa ma tana da ƙarin bukata, domin akwai wani nau'in omega-6 da ba ta samu sai a nama, shi ya sa ba a kiwonta da tuwo zalla.

Doki labarinsa daban ne. Allah ya halicce shi mai cin ciyawa, kuma ɗanyar ciyawa tana ɗauke da ALA daidai gwargwado. Dokin da ke samun ciyawar fadama da damina da kaka ba shi da wata matsala ta wannan fuska. Matsalar tana zuwa ne da rani, lokacin da aka ɗaure shi a turke ana ba shi harawa da dusa da dawa, domin busasshiyar ciyawa ta rasa yawancin omega-3 ɗinta, hatsi kuma omega-6 ne ya fi yawa a cikinsa. A nan mutanen Nguru da Gashuwa suna da gatan da na wasu wurare ba su da shi, tunda fadamun Haɗeja zuwa Nguru da bakin kogin Yobe na riƙe da ɗanyar ciyawa bayan ta ƙare a tudu. Kuɗin da za a ba mai yankan ciyawa ya fi kuɗin kwalba albarka. Masu kula da dawakin fadar Mai Bade da na fadar Nguru sun gaji sanin cewa doki na bukatar ƙari a kan abincinsa, shi ya sa tun kaka da kakanni ake ba shi kanwa. Abin da ya rage shi ne a san wane ƙari ne ya dace da wane lokaci.

Su kuwa masu kiwon raguna da shanu don sallah ko don kasuwa, shawarata ita ce su riƙe kuɗinsu. Ƙwayoyin halittar da ke cikin tumbin dabba mai tuƙa suna sauya yawancin irin wannan maiƙo kafin ya kai ga jini, kuma mai da yawa yana hana dabbar narkar da ciyawa yadda ya kamata. Wanda ya ɗura wa rago man kifi ya zuba kuɗinsa a rairayi.

Yanzu sai lissafi, wanda shi ne sana'armu. Kuskuren da masu saye suka fi yi shi ne duba farashin kwalba da babbar lambar da ke gabanta. Kafson man kifi na yau da kullum ana rubuta masa miligiram 1,000, amma wannan nauyin man ne gaba ɗaya. Idan aka juya bayan kwalbar, akasari za a ga EPA miligiram 180 da DHA miligiram 120, wato 300 ke nan, ƙasa da sulusin abin da aka rubuta a gaba. Alal misali, a ce ga kwalabe biyu, kowace da kafso 100. Ta farko Naira 12,000 ce, kowane kafso na da miligiram 300 na EPA da DHA a haɗe. Ta biyu Naira 8,000 ce, amma kowane kafso na da miligiram 100 kacal, sauran man tsirrai ne. A kwalba ta farko kowane miligiram 1,000 na abin da ake nema ya tashi a kan Naira 400. A ta biyu ya tashi a kan Naira 800. Mai arahar ta ninka mai tsadar tsada. Hausawa sun riga sun yanke hukunci a kan wannan da suka ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Kwalbar da ba ta bayyana adadin EPA da DHA ba kuwa, ba ta cancanci a ɗora ta a kanta ba.

Dangane da adadin da dabba ke bukata, majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar da ma'auni a shekarar 2006. Idan aka bi shi, babban kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar abin da bai kai miligiram 300 ba a rana, wato kwatankwacin kafso ɗaya na irin wanda aka ambata, kuma iyakar da ba a so a wuce tana wajen miligiram 3,500. Adadin da ake bayarwa don jinya yana tsakanin waɗannan biyun, kuma likitan dabbobi ne ya kamata ya tsayar da shi bayan ya auna dabbar ya duba ta. Wuce iyaka na jawo gudawa da amai, yana sa jini ya yi jinkirin tsayawa idan an ji rauni, sannan mai abu ne mai sa ƙiba, ita kuwa ƙiba tana ƙara wa gaɓoɓi nauyin da ake neman rage musu.

Akwai wani ruɗani da ya kamata masu shaguna su kawar. Man kifin da iyayenmu suka saba ɗura wa yara da cokali daga hantar kifi ake samunsa, kuma yana cike da bitamin A da bitamin D. Waɗannan biyun suna taruwa a jiki, ba sa fita da fitsari, don haka idan aka ba kare ko kyanwa adadin da zai kai bukatarsu ta omega-3 ta wannan hanya, ana iya kai su ga guba. Wanda ake nufi a nan shi ne man jikin kifi. Bugu da ƙari, ɓawon kafso da yawa daga ƙashi da fatar shanu ko alade ake yin sa, don haka mai shagon da abokan cinikinsa ke kula da wannan batu sai ya tambayi dillalinsa tun kafin ya yi sari.

Babbar barazanar wannan haja a arewacin Yobe ita ce zafi. Man kifi na daga cikin mayukan da suka fi saurin lalacewa idan suka haɗu da iska da haske da zafi, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafin Nguru da Gashuwa na haura digiri 40, ga rufin kwano, ga wutar lantarkin da ba ta da tabbas. Kwalbar da ta yi makonni a teku, ta kwana a tasha, ta yi kwanaki a bayan mota, sannan ta zauna a shago har bazara, tana iya lalacewa alhali ranar ƙarewar aikinta ba ta zo ba. Man da ya lalace ba ya magani, yana ma cinye bitamin E na jikin dabba. Gwajin ba shi da wuya: a fasa kafso ɗaya a sunsuna, idan ya yi warin ruɓaɓɓen kifi ko na tsohon fenti, to a zubar. Mai shago ya sari kaɗan-kaɗan, ya fifita kafso a kan man ruwa da ake buɗewa kullum, ya zaɓi kwalba mai duhu, ya ajiye ta a wuri mafi sanyi. Ya kuma tabbatar akwai lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a shekarar 1993 kuma take da sashe mai kula da magungunan dabbobi. Suna a kasuwa jari ne, kuma mutum ɗaya da dokinsa ko karensa ya kwanta bayan ya sha kayanka ya isa ya ɓata maka shi a gari.

Dole kuma mai niyyar zuba jari ya san cewa farashin wannan haja ba a hannunsa yake ba. Ƙasar Peru na daga cikin manyan masu samar da man kifi a duniya, daga wasu ƙananan kifaye da ake kamawa a gaɓar tekunta. A watan Yunin 2023 gwamnatin ƙasar ta soke kakar kamun kifi ta farko saboda ɗumamar ruwan teku, farashin man kifi kuma ya yi tashin gwauron zabi a kasuwannin duniya. A cikin wannan wata dai Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira, dalar da ake samu a kan wajen Naira 460 a hukumance ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Hajar da iskar tekun Peru da canjin dala ke juya farashinta a lokaci guda tana bukatar taka-tsantsan, musamman a kasuwar da masu sayenta ba su da yawa.

Wani zai ce, to ai muna zaune a kan kifi, me zai hana mu yi namu? Tambaya ce mai kyau. Tafkin Nguru da mashigar Marma su ne wuri na farko a Nijeriya da aka sanya a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000, bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram ya shahara, kuma bandar kifin wannan yanki na kaiwa har kudancin ƙasar nan. Sai dai gaskiyar ita ce tarwaɗa da ƙarfasa da giwan ruwa, kasancewarsu kifayen ruwan daɗi na ƙasa mai zafi, ba su kai kifayen teku mai sanyi yawan EPA da DHA ba. Suna da su, amma ba da yawan da za a matse a zuba a kwalba a yi gogayya da na waje ba. Kifin teku na ƙanƙara irin su titus da shawa ya fi su ta wannan fuska, kuma ɗan yanki dafaffe sau biyu ko uku a mako hanya ce mai sauƙi ga mai kare ko kyanwa.

Amma akwai sana'a a wani gefen. Kawuna da kayan ciki da ɓurɓushin banda da ake zubarwa ko a sayar a wulaƙance a wuraren gyaran kifi, idan aka dafa su aka busar aka niƙa, suna zama garin kifi mai gina jiki, wanda masu kaji da masu kiwon kifi da masu karnuka duk ke nema. Idan aka haɗa shi da hatsi da ƙuli-ƙuli bisa ma'auni, an samu abincin dabba na gida da za a saya da Naira. Sharuɗɗa uku ne za su raba mai nasara da mai asara. Na farko, a dafa kifin, domin wasu kifaye ɗanyu na lalata bitamin B1 a jikin dabba. Na biyu, a guji kifin da aka kama da guba ko aka fesa wa maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. Sinadarin da ke cikin gamalin tun shekarar 2009 duniya ta amince a daina amfani da shi a ƙarƙashin yarjejeniyar Stockholm. Na uku, a guji ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna. A shekarar 1960 talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da garin gyaɗa mai fumfuna, daga nan ne aka gano gubar afalatoksin, kuma kare na daga cikin dabbobin da hantarsu ba ta jure mata. Jami'ar Tarayya da ke Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, da tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Maiduguri, wurare ne da 'yan kasuwa za su iya neman a auna musu abin da kayansu ke ɗauke da shi, don kada a rubuta a jikin buhu abin da babu shi a ciki.

Ita ma wannan sana'a rayuwarta na rataye a kan ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da ke ciyar da fadamun ya sauya, ciyawar kachala kuma ta toshe magudanan ruwa da dama. Duk mai lissafin jari a kan kifi ko ɗanyar ciyawa a wannan yanki, dole ya sa batun sakin ruwa daga waɗannan madatsu a cikin lissafinsa, ya kuma haɗa murya da masunta da manoma wajen neman a riƙa share magudanan.

Na san akwai masu cewa a yankin da yara ke fama da tamowa, maganar man kifin kare da kyanwa almubazzaranci ce. Ban raina wannan magana ba, kuma ita ce ma ta sa nake adawa da saye ido rufe. Amma a tuna cewa a wurinmu waɗannan dabbobi ma'aikata ne kuma dukiya. Karen da ke gadin sito, da kyanwar da ke tsaron buhunan riɗi, da dokin da aka saya da tsabar kuɗi don hawan sallah, duk wanda ya ajiye su ya ɗauki nauyin lafiyarsu. Abin da ake bukata shi ne a bi tsari. Kuɗin farko na allurar rigakafin haukan kare ne, cutar da ke kashe dabba ta kuma kashe mutum. Na biyu na maganin tsutsar ciki da kaska ne, domin yawancin dabbobin da gashinsu ke zubewa a nan ƙazuwa ce ko tsutsa ke damunsu, man kifi kuwa ba ya kashe ko ɗaya. Na uku na abinci mai kyau da ruwa mai tsabta ne. Sai bayan waɗannan, idan dabba ta tsufa, ko gaɓoɓinta sun fara ciwo, ko likita ya ga larura a fata ko ƙoda, sannan kwalbar omega-3 ta samu gurbi.

Saboda haka kira na ga masu shagunan magungunan dabbobi a Nguru da Gashuwa shi ne su sari wannan haja daidai da ainihin masu bukatarta, su koyi karanta bayan kwalba, su kuma faɗa wa abokin ciniki gaskiya ko da za ta hana shi saye a ranar. Ga ma'aikatar kula da dabbobi ta Jihar Yobe kuwa, ya dace jami'anta su riƙa leƙa shaguna suna duba yadda ake adana kaya, su kuma yi amfani da gidajen rediyo wajen wayar da kan masu dabbobi. Masu jari su karkata ga abin da ƙasarmu ke bayarwa, wato kifi da gyaɗa da riɗi da ciyawar fadama, su bar wa kwalbar waje ɗan gurbin da ita kaɗai ke iya cikewa.